Muryar Tsoho a Cikin Waya

Akwai wani mutum mai koyar da waƙa a ikkilisiyar ƙauyensu. Wurin mahaifinsa ya gaji aikin. Kafin tsohon ya rasu, ɗan ya zaunar da shi a gindin mangwaro, ya ɗauki muryarsa a waya yana rera waƙoƙin yabo da ya tsara da bakinsa, har da tarinsa da dariyarsa. Babu inda muryar nan take sai cikin wayar nan. Matarsa ta sha ce masa ya kwafa ya ajiye wani wuri, kullum amsarsa ita ce gobe.

A ƙetaren rafi kuwa akwai wani mai koyar da waƙa, sunansa Habila. Duk taron gunduma, in mawaƙan Habila suka tashi sai mata su yi ta guɗa, in na ɗan tsohon suka tashi sai a yi musu tafin kunya. Mutumin nan yakan tafa tare da jama'a, haƙora a waje kamar mai murna. Hassada ta kama shi, har sunan Habila ba ya son ji a gidansa.

Wata ranar kasuwa, ana gab da taro, yana rumfar masu cajin waya yana ƙunƙuni, sai wani baƙo ya matso ya ce, “Malam, sababbin waƙoƙin Habila duka suna wurina. Buɗe manhajar karɓar abubuwa ta wayarka in tura maka, ka riga shi rera su.”

Bai tambayi sunan baƙon ba, bai tambayi inda ya samo su ba. Manhajar da yake karɓar abubuwa da ita ta tsufa, ta daɗe tana neman a sabunta ta, ƙofarta kamar ta kara. Nan take fayil ɗin ya shigo. Ya nufi gida yana murmushi shi kaɗai.

Da matarsa ta ji labari ta ce, “Baban Saraya, waƙar Ubangiji ce fa. Ka haye rafi ka roƙi Habila mana. Wannan baƙon ka san shi?”

Ya ce, “Ni zan roƙi Habila? Ki bar ni.”

Da ya zo buɗe fayil ɗin, wayar ma ta gargaɗe shi cewa ba a san asalin abin nan ba. Ya danna yarda. Ta ce abin yana neman izinin shiga duk ajiyarsa. Ya sake dannawa, ko karantawa bai gama ba, shi dai ya ga ranar da za a yi wa nasa mawaƙan guɗa. Waƙa ko ɗaya ba ta fito ba. Wayar ta ɗau zafi, ta mutu, da ta tashi sai ga ta wayam. Masu gyara a gari suka duba suka ce abin ya cinye komai, har da muryar tsohon.

Mutumin ya yi baƙin ciki ƙwarai. Daga baya ya haye rafi, kansa a sunkuye, ya faɗa wa Habila duk abin da ya faru.

Habila ya ce, “Ɗan'uwana, da ka tambaya ai da na ba ka. A wurin wa kake tsammani na koya? Ina yaro nakan laɓe bayan danganku in saurari Baba. Ni ne nake kishinka, da ka tashi a gidansa.”

Sai ya soma rera ɗaya daga waƙoƙin tsohon, bai ɓata ko kalma ba. Mutumin ya zauna yana hawaye. Waƙar ce, amma muryar ba ita ba ce.

Ma'anar wannan misali ita ce, wayarka gida ce, zuciyarka kuma gida ce, kowanne yana da ƙofa. Baƙon nan shi ne duk wanda ya turo maka abin da ba ka san asalinsa ba. Kada ka buɗe, ko da sunan waƙar yabo aka sa masa. In waya ta gargaɗe ka, tsaya ka karanta. In manhaja ta nemi a sabunta ta, ɓaraka ce ake son toshewa, kada ka ce gobe. Abin da yake da daraja a gare ka kuwa, ka ajiye shi wuri biyu.

Amma ku lura, 'yan'uwa, mutumin nan ba wawa ba ne. Ya ji matarsa, ya ga gargaɗin da idonsa. Hassada ce ta riga baƙon shiga, ita ta zare sakata. Mai ruɗi ya san abin da kuke ƙyashi a hannun maƙwabci, da shi zai yi muku sallama. Mutumin nan ya zura ido ga abin da ke hannun ɗan'uwansa, har ya rasa abin da Allah ya ba shi, shi kaɗai.