Matar da Ake Ɗiban Wuta a Gidanta

Kwana da kwanaki ke nan wata magana tana cina a rai, ko tuwo na sa a baki ba na jin daɗinsa. Malam Istifanus, shugaban mawaƙanmu, yana jiran amsa daga bakina ran Lahadi, ni kuwa har yanzu ban san abin da zan ce masa ba. 'Yan'uwana malaman Makarantar Lahadi, salama a gare ku cikin sunan Ubangiji. Ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi karatu mai zurfi ba. Ajin yaran da nake koyarwa ma na 'yata Keziya ne nake riƙe mata.

Keziya ma'aikaciyar jinya ce. Ta tashi daga asibiti ta wuce koyon waƙa, daga can ta zo ajin yara. In rashi aka yi a unguwa ita ce a gaba, in biki ne ita ce a gindin tukunya. Bakinta bai iya cewa a'a ba. Bayan Ista, wata safiya na same ta zaune a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, ta kasa sa ɗayan, sai hawaye. Likita ya duba ya ce ba zazzaɓi ba ne, gajiya ce ta shekaru ta taru a jiki da zuciya, a ba ta hutu. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ran da ta ce, "Mama, in na durƙusa ba abin da ke fitowa. Anya Allah bai gaji da ni ba?"

Ga misalin da na shirya wa yara a kan haka. In na gama sai mu koma kan Malam Istifanus.

Akwai wata mata a wani ƙauye, tun zamanin da ashana ba ta zo ba. Wutar murhunta ba ta mutuwa. Kowace yamma in ta sauke tukunya, sai ta tura gungumen ƙirya cikin garwashi, ta ja toka ta binne shi. Da safe ta tone, ga wuta ja wur. Saboda haka matan unguwa sukan zo da fasasshen kasko su ɗebi wuta a wurinta. Ba ta taɓa hana kowa ba.

Da labarinta ya bazu, sai aka fara zuwa daga nesa, ba da safe kaɗai ba, har da rana da yamma. Ta ce a ranta, "In na binne wutar nan wani ya zo ya ga toka, zai ce na yi masa rowa." Sai ta daina binnewa, ta bar ta a buɗe tana ta ci. Itacen da ta tara domin damina ya ƙare. Ta koma kara, wutar kara kuwa ba ta barin garwashi.

Wata safiya bayan an sha ruwan sama, ta sa hannu a murhu ta ji sanyi ƙalau. Ta tona, ta hura, ta hura, har toka ta cika mata ido, jiri ya ɗebe ta. Tana cikin haka ta ji ana "Gafara dai!" a ƙofar gida. Kunya ta kama ta, ta shige ɗaki ta ƙi fitowa har mai kaskon ta gaji ta tafi. Haka ta yi ta ɓuya, tana cin abinci mai sanyi, ba ta faɗa wa kowa ba.

To, a bayan gidanta akwai wata tsohuwa mai ciwon ƙafa. Ita ce ta lura hayaƙi ya daina tashi. Ta dogara sandarta ta zo, ga ɗan garwashi a kasko.

Matar ta ce, "Haba Iya! Ni da nake bayarwa, yau ni za a kawo wa?"

Tsohuwa ta ce, "Ke dai karɓi. Wutar wa kike tsammani ce? Tun ran da na ɗiba a murhun nan ban bar ta ta mutu ba. Taki ce ta dawo gida."

Matar ta yi murna, ta ruga za ta jibga manyan itatuwa a kai. Tsohuwa ta buge hannunta. "Kul! Garwashi kamar idon kaza za ki danne da gungume? Ƙaiƙayi tukuna, sannan ƙirare. In kin dafa abin da za ki ci, ki binne ta."

"In wani ya zo ɗiba fa?"

"Ki ce ya leƙo gidana. Gidanki ne kaɗai da murhu a garin nan?"

"To yaushe zan tone wa mutane?"

Tsohuwa ta ce, "Sa tafin hannunki a kan tokar. Ita za ta faɗa miki."

Matar ta yi haka. Wutarta ta kama, hayaƙi ya sake tashi a gidan.

Ma'anar wannan misali ita ce: matar nan ita ce duk wanda yake hidima a gidan Allah da gidan mutane har ya manta shi ma mutum ne. Wutar ita ce ƙarfi da farin ciki da Ubangiji ya ba shi. Binne wuta kuwa shi ne hutu, da zama shiru a gaban Allah. Wanda ya ga toka zai ce wuta ta mutu, alhali kuwa tokar ce take kiyaye ta. Hutu ba rowa ba ne, ba kuwa rashin bangaskiya ba ne.

Tsohuwar ita ce 'yan'uwan da Allah yake aikowa. Ran da bakinka ya kasa addu'a, akwai waɗanda ka taɓa yi wa, su za su kawo maka ita har ƙofa. Kada kunya ta sa ka shige ɗaki. Kada kuma ka jibga wa kanka azumi da alkawarai don ka nuna ka dawo. Ubangiji Yesu ba ya fushi da murhu mai sanyi. In "Ubangiji, ga ni" ne kaɗai ke fitowa, faɗe shi, ƙaiƙayi ke nan, ya isa na yau.

Na ga wannan da idona. Wata Lahadi bayan sujada, yaran ajin suka biyo ni gida, suka tsaya a tsakar gida suka yi wa Keziya addu'a da 'yan kalmomin da ita ta koya musu. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Da suka gama na ji "Amin" a hankali daga ɗaki. Tun daga ranar tana ɗan cin abinci, tana fitowa shan iska. Shekaranjiya muna tsintar wake ina ɗan rera waƙa, sai ta ce, "Kai, Mama, kin kashe waƙar nan, ba haka take ba!" Ta rera mini daidai, ta yi dariya. Rabon da in ji dariyar nan har na manta.

To, ga inda gizo ke saƙar. Malam Istifanus ya zo gaisuwa, mutumin kirki ne, ya kawo mata lemo. Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce, "Maman Keziya, sujadar godiyar kaka ta matso, mawaƙa sun zama kamar 'yan tsaki ba uwa. Waƙa ɗaya tak za ta ja mana."

Na ce, "Malam, waƙa ɗaya taku ai na san ta. Tana da 'ya'ya, tana da jikoki."

Ya yi dariya, ya ce shi dai zai jira ni ran Lahadi.

Da na faɗa wa Keziya, idonta ya yi haske, na gani. Amma hasken bai daɗe ba. Ta ce, "Mama, duk abin da kika ce."

In na ce ta je, ina tsoron kada gungume ya danne ɗan garwashin nan, mu koma inda muka fito. In na ce ta zauna, ina tsoro kuma, don na san wutar da aka binne aka manta da ita, ita ma toka take zama. Na yi addu'a, na sa tafin hannuna a kan tokar, kuma na gode wa Allah, akwai ɗumi. Abin da ban sani ba shi ne ko ya isa a ɗiba.

Ku da kuka taɓa jinyar mai irin wannan gajiya, ko ku da kanku kuka taɓa zama a gaban murhu mai sanyi, don Allah ku ba ni shawara kafin Lahadi. In ce wa Malam Istifanus ya zo da kaskonsa, ko in ce ya leƙa gidan maƙwabta tukuna?