Suna Ɗaya a Fom ɗin Jinya

To, ku kife wayoyin nan ku ba ni kunnuwanku, don wannan ba labarin kwanciya barci ba ne, in na gama sai kun yi gardama. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na sashen nazarin halittu, a wata jami'a da ba zan kira sunanta ba. Na ga ɗalibai iri-iri, amma babu wanda abinsa ya tsaya mini a rai kamar Tasi'u.

Tasi'u ɗan ajin ƙarshe ne, yaro mai kai, sai dai akwai cika baki. In malami ya ɗaga ƙwaro ya tambayi sunansa, kafin ya rufe baki Tasi'u ya faɗa, har da ƙarin bayanin da ba a nema ba. Al'adar sashen kuwa ita ce, jarrabawar ƙarshe ta aikin hannu ba a shigarta hannu rabbana. Kowane rukuni na mutum huɗu sai ya zo da akwatin halittun da ya tara da kansa, ƙwari a soke da allura, kwaɗi da ƙadangaru a kwalba, a tsare su da tambayoyi a kan kowanne. Wanda bai zauna wannan jarrabawa ba, shekararsa ta tafi.

Abokan rukuninsa uku ne. Akwai Ishaya, ɗan manoma, ƙato marar yawan magana. Akwai Barira, malamar makaranta da ta zo ƙaro karatu, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku. Ta girme su duka, Yaya Barira suke ce mata. Sai Dayyabu, sarkin tsokana, wanda duk da bakinsa in ya ga jini jiri ke ɗibansa. Ni da kaina na taɓa yayyafa masa ruwa ranar da aka feɗe ɓera.

Jarrabawa ranar Litinin ce da ƙarfe tara. Ranar Asabar Tasi'u ya ji cewa wani rukuni ya samo maciji, su kuwa akwatinsu ƙadangare ne kawai. Abin ya hana shi sukuni. Ya yi ta zuga sauran har suka yarda, da sassafen Lahadi suka shiga mota ba tare da sanin sashe ba, Ishaya ko coci bai je ba. Suka yi tafiyar awa uku zuwa wasu duwatsu, suka sauka suka nausa daji da ƙafa.

Wajen hantsi suka ɗaga wani dutse, sai ga ɗan maciji bai fi kamu biyu ba, ya naɗe yana goga jikinsa yana wani sauti kamar ana zuba ruwa a mai mai zafi. Bafulatani ko manomi da ya ji wannan sauti, sanda zai nema ko ya ba wa ƙafarsa iska. Amma su masu karatu ne. An koya musu cewa akwai wani maciji mai shan ƙwai, marar dafi, ko haƙoran kirki ba shi da su, wanda yake kwaikwayon kububuwa a zane da sauti don a ji tsoronsa. Barira ta buɗe littafi daga nesa, ta dubi hoto ta dubi maciji, ta ce, "Ina ga mai shan ƙwai ne. Dubi zanen bayansa."

Tasi'u ya ce shi ma haka ya gani tun farko. Dayyabu ya kwashe da dariya. "To malam farfesa, in ka tabbata ɗauke shi da hannu mana. Ko ilimin na cikin aji ne kawai?"

Tasi'u ya ji wani abu a ransa yana cewa kada ka yi. Amma ido shida na kansa. Ya miƙa hannun dama. Kububuwa ce, ta sare shi a tsakanin babban yatsa da manuni.

Yanzu ku saurari abin da kowa ya yi, ku riƙe shi da kyau.

Ishaya ya take macijin da dutse, ya jefa shi a kwalba. Sannan ya fizge robar da aka ɗaure akwati da ita, ya tamke wuyan hannun Tasi'u tamau, yadda ake yi a ƙauyensu. Tun a aji biyu an hana su wannan, kuma Barira ta yi masa ihu ya kwance. Ya ce ba zai kwance ba, shi ya binne ƙanensa da saran maciji, ba zai binne na biyu ba. Ya saɓa Tasi'u a baya don kada tafiya ta yaɗa dafin. Tsakaninsu da titi tafiyar awa biyu ce, ga damina, rafin da suka tsallaka da safe ya kawo ruwa har ƙirji. Ruwa ya tafi da takalmansa, ya ci gaba a kan tsakuwa da ƙaya. Tasi'u yana jin bugun zuciyar Ishaya a ƙirjinsa, yana kallon sawun jini a bayansu, ya ɗauka nasa ne, ashe na ƙafar Ishaya ne. Babu wani a cikinsu da zai iya ɗaukar wannan kaya. Da an bar shi ya taka da ƙafarsa, da a rafin nan labari ya ƙare.

Suka isa wani ƙaramin asibitin ƙauye. Ma'aikacin da ke wurin ya ga Tasi'u yana magana garau, ya ce ai dafin bai shiga ba, ya ba shi maganin ciwo, ya ce su koma gida. Tasi'u ya ji daɗin wannan magana ƙwarai, har ya fara zancen jarrabawar gobe. Dayyabu da Ishaya ma suka yi hamdala. Barira ce kaɗai ta ƙi. Ta roƙi sirinji, ta ɗebi jinin Tasi'u ta zuba a busasshiyar kwalbar gwaji daga cikin kayansu, ta ajiye a kan taga, ta kafa wa agogo ido. Ma'aikacin yana ta faɗa, wai ɗaliba za ta koya masa aiki, ita ko kallonsa ba ta yi ba. Minti ashirin cif ta karkata kwalbar. Jinin lafiyayye da tuni ya daskare, wannan kuwa ya gangaro kamar zoɓo. Ta ɗaga leɓen Tasi'u, dasashinsa na tsattsafo da jini. Ta ce, "Wallahi in muka kai shi ɗaki, gawarsa za mu wayi gari da ita." Ta fita ta tsaya a tsakiyar titi har wata motar tumatir ta ci birki. Ta sa direban ya juya zuwa babban asibitin da ke da allurar kashe dafi, wanda yake can gaba, ya ƙara nisa da jami'a.

An yi wa Tasi'u allurar, amma kafin ta kama jiki ya riga ya zubar da jini mai yawa, ta hanci, ta baki, ta fitsari. Tun kafin asubar Litinin likita ya ce sai an ƙara masa jini yanzu-yanzu, kuma irin nasa mai wuyar samu ne, babu shi a ma'ajiyar asibitin. Sai Dayyabu ya tuna ranar da suka gwada jinin juna a aji ɗaya, aka yi ta tsokanarsu shi da Tasi'u wai 'yan gida ɗaya ne, don su biyu kaɗai ke da wannan rukunin jini a duk ajin. Babu wanda ya tuna sai shi. Da ya yi shiru ya hau motar asuba, da ya tarar da jarrabawa, kuma ba mai zarginsa. Ya miƙa hannu, bai ci komai ba tun jiya. Da ledar ta cika ya yunƙura zai tashi, ya faɗi ya fasa goshi a bakin gado. Lokacin da ake kiran sunayensu a ɗakin jarrabawa, ina tsaye a wurin ina jin shiru, jinin Dayyabu ne ke shiga jikin Tasi'u. Ishaya yana zaune a ƙasa da ƙafafu a naɗe, Barira tana riƙe da ƙarfen da aka rataye ledar.

Tasi'u ya rayu, amma ba duka ba. Dafi da ɗaurin roba sun haɗu sun kashe naman hannun, aka yanke babban yatsa da manuni. Yaron da yake iya zare hanjin ƙwaro ba tare da ya tsinke ba, yanzu ko maɓallin riga sai an saka masa. Ya yi kuka, kukan da babba ke yi ya juya fuska bango.

Bayan mako uku ya dawo, shugaban sashe Dakta Wada ya kira shi ofis. Ya ce, "Kai takardar asibiti ta wanke ka, za a shirya maka jarrabawarka. Sauran ukun ne matsala." Dokar jami'a ta ce majinyaci ɗaya, mai jinya ɗaya ake yi wa uzuri. An kafa ta ne tun shekarar da rabin aji suka tsere wa jarrabawa da sunan rakiyar marar lafiya. Dakta Wada ya je gaban kwamiti har sau biyu, ya roƙa, ya yi fushi, ya buga tebur. Suka ce tafiyar ba da izinin sashe aka yi ba, wannan ɗayan ma alfarma ce. Ya tura wa Tasi'u fom mai layi ɗaya.

Tasi'u ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba su nawa uzurin, ni in maimaita."

"Na tambaya. Ba a musanya."

"To ku zaɓa da kanku."

"Majinyaci ne ke rubuta sunan wanda ya yi jinyarsa. Ka kawo kafin a tashi ranar Alhamis. In layin ya zo babu komai, duka ukun sun faɗi."

Kada ku ce ai shekara ɗaya ce, a maimaita mana. Ku ji abin da shekarar take nufi ga kowa.

Ishaya ya riga ya maimaita sau biyu, saboda damina biyu da ya koma gona bayan rasuwar mahaifinsa. Wannan ce shekara ta ƙarshe da doka ta yarje masa. In ya faɗi, ba maimaici, kora ce, shekara shida sun tafi ba ko takarda. Shi ya ɗauko Tasi'u daga daji, shi kuma ya ɗaura robar.

Barira hutun karatu aka ba ta daga wurin aiki, kuma an rubuto mata tun bara cewa ba ƙari. In ta tsaya maimaici aiki ya tafi, in ta koma aiki digiri ya tafi, ga marayu uku da ba su da kowa sai ita. Ita ta gano mutuwar da kowa bai gani ba, ita kuma ta fara cewa mai shan ƙwai ne.

Dayyabu mahaifinsa na kwance da ciwon hanta, likitoci sun ce da wuya ya ga wata damina. Tsohon bai yi boko ba, kuma kullum maganarsa ɗaya, Allah ya nuna masa sakamakon ɗansa kafin ya tafi. Har yau ba a gaya masa abin da ya faru ba. Jinin Dayyabu ne ke gudana a jikin Tasi'u, bakinsa kuma shi ya tura hannun ƙarƙashin dutse.

Abin da ya fi ci wa Tasi'u rai, babu ko ɗaya da ya zo ya roƙe shi. Da sun yi faɗa a kai, da ya sami wanda zai ji haushi. Ishaya in ya hango hannun nan sai ya sauya hanya. Barira ta kawo masa kunu ta ajiye, ta yi masa ya jiki, ta tafi abinta. Dayyabu ya daina tsokana gaba ɗaya. Kowannensu yana ganin shi ne ya jawo, shi kuwa Tasi'u ya san hannun da aka miƙa nasa ne, ga shi kuma shi kaɗai jami'a ta yafe wa.

Ranar Alhamis da la'asar ya shigo ɗakin gwaje-gwaje ya zauna a bencin baya, fom a gabansa, biro a hannun hagu da bai iya rubutu da shi ba tukuna. Masinja ya leƙo ya ce Dakta na shirin kulle ofis. Tasi'u ya ɗora biro a kan layin, hawaye na zuba, ya san duk sunan da ya rubuta, mutum biyu da suka ceci ransa ya kashe wa karatu.

A nan zan tsaya, kuma kada wanda ya ce mini a yi ƙuri'a ko a koma wurin kwamiti, wannan ƙofar a rufe take. Layi ɗaya ne, biron yana hannunku. Ishaya, Barira, ko Dayyabu: sunan wa za ku rubuta, kuma da wane ido za ku kalli sauran biyun?