Maƙerin da Ya Narka Takubban Garinsu

An yi wani mutum a wani ƙauye, tun zamanin kakanninmu, sunansa Mantau. Maƙeri ne. Bai iya karatu ba, sai dai ranar Lahadi yakan zauna can baya a majami'a, ya kasa kunne. Ɗa ɗaya Allah ya ba shi da matarsa Kande, sunansa Habila.

Wata shekara rigima ta tashi tsakaninsu da mutanen ƙetaren rafi a kan iyakar fadama. Aka dawo da Habila a kan ƙyauren ƙofa, ba rai.

Ku saurara, 'yan'uwa. Kwana uku da binne shi, mazan gari suka ciro tsofaffin takubban kakanninsu, duk sun yi tsatsa, suka zube a maƙera. Dogo, yayan Kande, ya ce, "Suruki, wasa mana su. Jibi za mu ƙetare."

Mantau ya fita daga maƙera. Ya tafi wurin Malam Istifanus, mai wa'azin garin, ya durƙusa.

"Malam, wurin nan da ka taɓa karanta mana, inda annabi Ishaya ya ce za a mai da takubba garemani, na yaushe ne?"

Malam ya ce, "Ai misali ne, Baban Habila. Zuciya ake nufi, ta bar ƙiyayya."

Wani dattijo da ke zaune ya ce, "A'a, Malam! Ƙarfe ne na gaske, amma sai ranar da Almasihu ya dawo."

Suka kama gardama, wannan ya buɗe nan, wancan ya buɗe can. Mantau ya tashi, ya kaɗe gwiwarsa. Ya ce, "Ni zuciyata ba ta huce ba, kuma ban san ranar dawowarsa ba. Amma ƙarfe kam na sani."

Ya koma ya hura wuta. Yana zuga, yana kuka. Yana dukan ƙarfe, yana kiran sunan ɗansa.

Da jibi ta yi, mazan suka zo. Me suka tarar? Garemani da fartanyu, jere a ƙasa. Dogo ya tofa masa yawu a fuska. "Da fartanya za mu rama jinin yaron? Kai uba ne kuwa?"

Wannan bai yi masa zafi ba kamar maganar Kande. Ta tsaya a ƙofar maƙera ta ce, "Maigida, ashe ni kaɗai na haife shi." Daga ranar tuwo kawai take ajiye masa, ta juya.

Ba a ƙetare rafin ba. Kafin su sami wasu makamai, damina ta sauka, kowa ya nufi gona. Amma aiki ya daina zuwa maƙerar Mantau. Ko gaisuwa aka daina yi masa. Bayan shekara biyu ya mutu.

Da aka je haƙa kabarinsa, da fartanyun nan aka haƙa. Kande ta gane su. Ta ɗauki ɗaya, ta riƙe, ta ce, "Tun bayan nawa, ba uwar da ta binne ɗanta saboda fadamar nan." Sai a ranar ta yi masa kuka.

'Yan'uwa, har yau muna gardamar nan, misali ne ko zahiri. Ku yi ta bincike, ba laifi. Amma Maganar Allah ba don gardama kaɗai aka ba mu ita ba, don a aikata ne, ko da za ta ci maka mutuncinka a gari. Kai da ka zo yau da takobi a ranka domin ɗan'uwanka, wutar maƙerarka tana hannunka. Kada ka jira ranar ƙarshe.