Alkawarin da Ya Ɗaure Elijah a Gungu

Akwai wani saurayi ana ce masa Elijah, ɗan wani ƙaramin gungu ne da ke tsakiyar ruwan Kainji, ta wajen Ngaski. Shekararsa tara a Kaduna yana aikin walda a shagon wani oga, ko Kirsimeti ba kowace yake zuwa gida ba.

Wata rana aka kira shi a waya, aka ce mahaifinsa, Baba Jacob, ya yanke jiki ya faɗi a bakin ruwa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma sai da ƙyar take fita.

Elijah ya zuba kaya kala uku a jaka. Ya ce wa ogan nasa, "Sati biyu kawai zan yi."

Baba Jacob shi ne mai bishara a gungun. Shekara talatin da wani abu shi ke jan sujada, shi ke karanta Littafi Mai Tsarki, shi ke wa'azi a 'yar majami'ar da ba ta wuce mutum arba'in ba. Fasto yana can tudu, sai bayan wata uku ko huɗu yake tsallakowa. Waɗanda Baba ya koya wa karatu kuwa duk sun watse garuruwa neman abinci, har da ɗansa na cikinsa.

Lahadin farko, jama'a suka cika benci suna jiran mai karatu. Mahaifiyar Elijah, Inna Tabawa, ta taso ta ɗora masa Littafin a cinya. Ya miƙe ya karanta, karatu kamar ana zuba ruwa. Kowa ya fita yana sa masa albarka.

Da sati biyu suka cika, ya shiga ɗaki yin sallama. Baba ya kama shi da hannun hagu, ya daɗe yana kokawa da harshensa.

"Kada... ka bar su... babu mai karatu."

Tausayi ya kama Elijah. Ya durƙusa ya ce, "Baba, na yi maka alkawari a gaban Allah. Ba zan tafi ba sai na ga wani ya tsaya a wurinka."

A ransa yana ganin abin bai wuce wata guda ba.

Ya hau kan wani dutse a ƙarshen gungun, don nan ne kaɗai waya ke kamawa, ya kira ogansa. Ogan ya ce, "Zan riƙe maka wurinka zuwa Ista. In ta wuce, kada ka ga laifina."

Nan da nan Elijah ya samo katako ya shafe shi da gawayi, ya aika Yelwa aka sayo alli. Ya yi sanarwa cewa za a riƙa ajin karatu kullum ƙarfe bakwai na safe.

Washegari shi kaɗai ya zauna da allonsa. Ya manta cewa a lokacin nan maza duk suna kan ruwa suna cire koma, mata kuma suna jiran kifi a bakin banda.

Ya mayar da ajin yamma. Mutum biyar suka zo, mata uku, maza biyu. A cikinsu akwai Ɗangana, masunci mai shekara arba'in da biyar, wanda ya tsaya a aji uku na firamare. Elijah ya ga shi ne mai ɗan dama-dama, sai ya tsayar da shi a gaban allo.

"Karanta."

Ɗangana ya fara haɗa baƙi, gumi na keto masa.

"A'a! Sake."

Ya sake.

"A'a! Haba Kawu, wannan ai ko 'yan aji ɗaya sun wuce shi."

Matan suka rufe baki da gefen zane, dariya ta ƙwace musu. Ɗangana ya dubi allon, ya dubi Elijah. Ya ce, "Malam, komata na jirana." Ya fita.

Bai ƙara dawowa ba. Sauran ma da suka ga yadda aka yi da babba, kowa ya kama gabansa.

Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi. Gungun nan in ka tashi daga wannan ƙarshe, kafin tuwo ya huce ka kai wancan. Elijah ya zagaye shi har ya san kowane dutse. Duk inda ya juya ruwa ne.

Ranar kasuwar Yelwa, jirgin injin wani mai suna Lawali kan tsaya ɗaukar mutane da kwandunan kifi. Elijah ya kan zo ya tsaya, hannu a aljihu.

Lawali ya kan ɗaga murya, "Ɗan Baba, yau ma ba ka shiga? Ko an kahe ka ne?"

Sai ya yi yaƙe, ya tsaya yana kallon jirgin har ƙarar injin ta ɓace.

Wa'azinsa na Lahadi ya koma faɗa. Yau ragwanci, gobe taurin kai. Mutane su sunkuyar da kai su ce amin, su fita.

Wata yamma ya sami Inna tana juya kifi a kan banda, hayaƙi na cin idonta. Ya zauna a kan turmi ya fara zuba.

"Inna, mutanen nan ba su son ci gaba. Sun ɗaure ni kamar akuya. Ista saura wata biyu, ga shi ko mutum ɗaya babu."

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kai a ina ka koyi karatun?"

"Wurin Baba mana."

"Ba wurin wa nac ce ba. A ina?"

Elijah ya tuno yarintarsa. Can ya ce, "A cikin jirgi."

"To. Ni tun da aka kawo ni gidan ga, ban taɓa ganin babanka ya tsayar da magidanci gaban allo ba. Shi ka bin su inda suke."

Elijah ya san abin da maganar take nufi. Shekara tara hannunsa bai taɓa filafili ba, kuma ko da can ba gwanin tuƙi ba ne. Ɗan gungu da bai iya tuƙa kwale-kwale ba, ai abin faɗi ne har jikoki.

Kwana uku yana juya maganar. Rana ta huɗu ya sami Ɗangana a gindin tsamiya yana ɗinkin koma. Ya rage tsawo ya gaishe shi.

"Kawu, na yi maka laifi. Ka gafarce ni."

Ɗangana ya ci gaba da ɗinkinsa. "Mi kac ce, Malam? Kunnena bai kai aji ɗaya ba."

"Na ce na yi laifi. Ina so in riƙa bin ka kan ruwa, mu yi karatun a can."

Sai a lokacin Ɗangana ya ɗago. "Ni ka tsayar gaban mata na sha kunya. To gobe ka zo bakin ruwa sa'ad da kowa na nan. Kai za ka tuƙa."

Da safe bakin ruwa cike yake. Elijah ya zauna a bayan jirgi ya tsoma filafili. Jirgi ya juya hagu. Ya mayar dama, jirgi ya zagayo ya kalli inda ya fito. Sau uku yana kewaya wuri ɗaya kamar kazar da aka yanka.

Wani ya yi ihu, "Ɗan Kaduna, ba sitiyari gare shi ba!"

Wata tsohuwa ta ce, "Ku ba shi alli, ƙila da shi ya iya!"

Ya yunƙura zai gyara zama, sai ga shi tsamo-tsamo a ruwa har ƙirji. Dariya ta tashi har da masu riƙe ciki.

Ɗangana ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya miƙa masa hannu ya jawo shi, ya zauna a bayansa, ya ɗora hannunsa a kan nasa.

"Ba a yi ma ruwa faɗa. Tsoma a hankali. Ja. Karkata kaɗan. Yawwa. Sake, ka kusa."

Bai ce masa a'a ko sau ɗaya ba, har suka yi nisa.

Bayan sun cire koma, kifin karfasa na tsalle a cikin jirgi, Ɗangana ya goge hannu a wando. Ya zaro wata leda daga cikin rigarsa, ya kwance ta. Ɗan ƙaramin Littafi ne, gefensa duk ya sha ruwa.

"To Malam, nan dai babu mata."

Ya ɗora yatsa ya fara. A kalma ta uku ya yi kuskure. A'a ta zo har bakin Elijah, ya haɗiye ta. Ya ce, "Ka kusa, Kawu. Dubi baƙin farko."

Haka suka riƙa yi kullum. Hannun Elijah ya yi kanta, ya fashe, ya sake yin kanta. A nan ya gane abin da allo ya ɓoye masa: labaran nan duk suna cikin kan Ɗangana, shekara talatin yana jin su daga bakin Baba. Baƙaƙen ne kawai ke ba shi tsoro. Ranar da suka karanta yadda hadari ya rutsa da almajirai a cikin jirgi, Ɗangana ya bayyana tsoron da ke kama mutum in igiyar ruwa ta fi kansa tsawo, har Elijah ya ji kamar yana cikin jirgin almajiran. Shi bai taɓa fahimtar wurin haka ba.

Amma karatun babba ba ya gudu. Ista ta zo, Ɗangana aya biyar yake iya kaiwa, ita ma da tuntuɓe.

Elijah ya hau dutsen nan ya kira oga, ogan ya ce, "Litinin in ban gan ka ba, na sa wani."

Elijah ya sami Ɗangana ya roƙe shi. "Kawu, ka daure ka tsaya Lahadin nan. Ko aya uku ce. In ka tsaya, na cika alkawari."

Ɗangana ya ce, "In ka ce in tsaya, ina tsayawa don kai. Amma ni na san ban nuna ba. In na faɗi wannan karon gaban ikilisiya, ba ni ƙara tashi. Kai kuma ka riga ka tahi."

Lahadi Elijah ne ya yi karatu.

Litinin da safe ya fito da jakarsa a kafaɗa. Babu wanda ya hana shi. Inna tana kallonsa daga bakin ƙofa. Ya isa bakin ruwa, Lawali ya riga ya tayar da inji.

"Ɗan Baba, yau dai da jaka! Ka shiga ko in tahi?"

Ƙafarsa ɗaya har ta taɓa ruwa. Ya san in ya shiga babu mai kama shi. Ya kuma san abin da ya faɗa a gaban Allah ba aya uku ba ne.

"Je ka, Lawali."

Ya koma bayan majami'a ya zauna a kan jakar, ya yi kuka kamar ransa zai fita. Aikin shekara tara ya tafi. Ko addu'a ya kasa, sai dai ya ce, "Ubangiji, ka gani."

Washegari Ɗangana ya zo ya tsaya a ƙofar gida da filafili biyu. Bai yi maganar jiya ba. Elijah ya karɓi ɗaya ya bi shi.

Damina ta sauka. Kainuwa ta rufe mashigar gungun, har aka yi sati uku jirgin Lawali bai iya matsowa ba. Ranar da hadari ya hana fita, su yi karatun a ƙarƙashin rumfar banda. Aya biyar ta zama goma, goma ta zama sura.

Wata huɗu bayan Ista, ranar wata Juma'a, suna dawowa daga cire koma, Ɗangana ya ce, "Malam, jibi ka nemi benci ka zauna."

Ranar Lahadi aka ɗauko Baba Jacob a kan kujera aka ajiye shi a baya. Elijah ya zauna kusa da shi. Ɗangana ya fito da rigarsa ta Kirsimeti, Littafi a hannunsa.

Ya karanta aya bakwai lafiya. A ta takwas ya ci karo da wata doguwar kalma, ya tsaya cak.

Majami'a ta yi tsit. Elijah ya san kalmar, tana kan harshensa. Ya dubi Baba, Baba ya girgiza kai a hankali. Elijah ya datse leɓe.

Ɗangana ya ɗora yatsa. Ya kama baƙin farko, ya haɗa da na biyu, ya ja numfashi, kalmar ta fito sarai. Matarsa Blessing ta manta a inda take, ta rangaɗa guɗa. Ya kai ƙarshen surar, ya rufe Littafin, ya yi wa'azi gajere da irin maganar da ake yi a bakin ruwa. Ko yaro bai motsa ba.

Da aka tashi, Baba ya yafito ɗansa. Elijah ya kawo kunne kusa.

"Ka... cika. Je ka."

Elijah ya yi dariya, hawaye na zuba. "Baba, in je ina? Aikin ai ya tafi."

Bakin Baba ya motsa, rabin murmushi. "Hannunka... na nan."

Ranar kasuwa ya shiga jirgin Lawali, zai je Yelwa neman aiki a shagon walda. Lawali ya dube shi ya ce, "Ikon Allah! Wa ya tuge ka?"

Jirgi ya fara ja da baya, sai ga Ɗangana ya biyo bakin ruwa da sauri, ya shiga har gwiwa yana ɗaga hannu.

"Malam! In za ka leƙo mu, ka taho da Littafi biyu masu manyan baƙi. Akwai mutum biyu da suka ce in riƙa shiga jirgi da su!"

Darasi: Ba a ɗaga ɗan'uwa a cikin bangaskiya da tsawa, ba a kuma nunar da shi da gaggawa don kai ka sami hanyar wucewa. In kana so wani ya girma cikin Ubangiji, ka sauko inda yake, ka yarda shi ma ya koya maka, ka jure har ya tsaya da ƙafarsa. Ka tura wannan labari ga wanda ya taɓa haƙuri da kai, da kuma wanda ya fara gajiya da masu tasowa a bayansa.