Shirun da Ya Kwantar da Abdul-Mumin Tela

Akwai wani tela a unguwar Changli, cikin Tamale ta ƙasar Gana, ana kiransa Abdul-Mumin. Mutum ne da ba a taɓa jin kukansa ba. Ko allura ta shige masa yatsa, sai ya tsotse jinin ya ci gaba da taka keke. Matarsa Azeta takan yi alfahari da wannan hali nasa.

Da numfashi ya fara gagararsa, likitoci suka ce sai an yi masa aikin zuciya. Aka tura su wani babban asibiti a kudu.

Kafin aikin, wata likita ta zaunar da su. Ta ce za a saka masa siririn bututu a gadon baya, kusa da laka, don maganin kashe zafi ya riƙa shiga. Amma a aikin zuciya ana ba da maganin tsinka jini. Can ba a rasa ba, jini kan taru a wurin ya danne laka.

"Da wuya ya faru," in ji ta. "Amma in baya ya ɗau ciwo, ko ƙafa ta yi nauyi, ku faɗa nan take."

Aiki ya yi kyau. Azeta ta buga waya Tamale, gida ya cika da hamdala.

Washegari da hantsi ta ga yana cije leɓe. Ta taɓa ƙafarsa, bai motsa ba.

"Maigida, kana jin hannuna?"

"Kaɗan. Bayan ne ke damuna. Zai wuce."

Ta miƙe za ta kira nas, ya kamo bakin mayafinta.

"Zauna. Mutanen nan sun yi wahala a kaina. Ga na gadon can yana ta nishi, shi ke bukatarsu. Ni ba yaro ba ne."

Ta duba ƙofa, ta duba fuskarsa. Tun da suka yi aure ba ta taɓa tsallake maganarsa ba. Ta zauna.

Da nas ta zo zagaye ta tambaye shi, ya yi murmushi ya ce, "Lafiya lau, alhamdulillahi."

Sai bayan la'asar aka ce ya ɗaga ƙafa. Ko yatsa bai motsa ba. Aka ruga da shi ɗakin tiyata, aka buɗe bayan, aka kwashe jinin. Amma laka ta riga ta daɗe a danne.

A kujerar guragu ya koma Changli. Zuciya kuwa garau, likitoci sun ce za ta kai shi shekaru. Masu zuwa dubiya suka yi ta raguwa har suka ɗauke ƙafa. Azeta ce ke juya shi, ita ke wanke shi, ta kuma fita tallar koko.

Wata rana tana shafa masa mai a ƙafafun da suka ƙanƙance, ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Sannan ya ce a hankali, "Azeta, me ya sa kika ji maganata ranar nan?"

Ta ci gaba da shafawa, hawaye na ɗiga a ƙafar da ba ta ji.

Darasi: Ɓoye wa likita ciwo ba haƙuri ba ne, kuma ba kowace magana ta masoyi ake bi ba. In an yi wa naka allurar baya ya ce ƙafa ta yi nauyi, tashi ka kira ma'aikata ko da ransa zai ɓaci. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, wataƙila wani na zaune a gefen gado yanzu.