Tuwon da Ya Huce a Gindin Tudu

"To, ni kuma ta ina zan hau?"

A bakin famfo Dinatu ta ji wannan tambaya, ba ita aka yi wa ba kuwa. Amma bari mu ɗauko zancen daga tushe.

Akwai wani mutum, dattijo mai gonaki, a wani gari da kwalta ta ratsa tsakiyarsa. Ana nan sai yaran garin suka tsiro da wasan katako mai taya. Wasu daga birni aka kawo musu, wasu kuwa da hannunsu suka ƙera. Da yake babu wuri mai santsi sai kan kwalta, a can suke sheƙa gudu, har masu ƙarfin hali su kama bayan babbar mota ta ja su. Kullum iyaye mata hankalinsu a tashe yake.

Ran nan bayan sujada a majami'a sai mutumin ya miƙe ya ce, "Ni zan ba da fili. Matasa su zuba siminti, yaranmu su bar kan titi." Jama'a suka yi murna ƙwarai.

Filaye biyu gare shi da ba ya nomawa. Ɗaya yana kan tudun bayan gari, ga iska, ga shi ana hango shi tun daga nesa. Ɗayan kuwa tsohuwar masussuka ce kusa da famfo, wadda aka yi watsi da ita tun da injin sussuka ya zo, sai awaki ke hutawa a gindin tsamiyarta. Mutumin ya zaɓi tudu. Ya ce, "Bari garuruwan maƙwabta su gani, su san mu ma mun iya."

Dinatu matar ɗansa ce, ba ta daɗe da zuwa gidan ba. Ba ta kama sunan surukinta, ba ta kallon fuskarsa. In ta kai masa abinci sai ta durƙusa ta ajiye, ta sulale kamar ba ta zo ba.

Mai tambayar kuwa Briskila ce, wata budurwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda shan inna ya shanye wa ƙafafu tun tana ƙarama. A kan katako mai taya take zama, ta zura hannuwanta cikin silifa tana tura ƙasa. Abin da yake wasa a wurin sauran yara, ita ƙafafunta ke nan. Ita ce ma ta koya wa yawancinsu yadda ake juyi ba a kifa ba. Da ta yi tambayar sai matan da ke ɗibar ruwa suka kwashe da dariya. "Kai, Briskila, bakin nan naki!" Kowa ta ɗauki bokitinta. Dinatu kaɗai ta lura mai maganar ba ta yi dariya ba.

Da ta koma gida ta ce wa mijinta, "Maigida, da ka yi wa Baba maganar tudun nan. Briskila ba za ta iya hawa ba."

Ya ce, "Baba ya riga ya faɗa a gaban jama'a, gobe ma za a kafa turaku. Ko ke za ki gaya masa? Ke da ko 'ina kwana' sai ta maƙale miki a wuya?" Ya yi dariya ya fita.

Kashegari dattijon ya hau tudu da matasa tun da sassafe, suna jan igiya suna kafa turaku. Rana ta yi tsaka, Dinatu ta kwashe tuwo, ta ɗora kwano a ka, ta biya ta wurin Briskila.

"Zo ki raka ni in kai wa Baba abinci."

"Kan tudun? Amarya, kin ga fukafukai a bayana ne?"

"Mu je dai iya inda za ki iya."

"In na tsaya fa?"

"Sai in tsaya."

Briskila ta dube ta sama da ƙasa. "Ashe shiru-shirun nan naki na mugunta ne. Mu je."

Suka tafi tare har gindin tudu. Nan hanya ta koma yashi, gaba kuma duwatsu da wani rami da ruwan damina ya zaizaye. Tayoyin suka nutse. Briskila ta tura, ta sake turawa, katakon ya zame baya. Ta tsaya tana haki. Dinatu ma ta tsaya, kwano a ka, cikin rana, ko da yake ba a taɓa jin matar ɗa ta bar surukinta da yunwa yana kallonta ba.

Dattijon ya hango su ya ɗaga murya. "Ke 'yata, hawo mana!"

Dinatu ta durƙusa a inda take, ta sunkuyar da kai. Ba ta matsa ba.

Ya sake kira. Matasa suka daina aiki suna kallo. Daga bisani ya ɗauki sandarsa ya gangaro, ransa a ɓace, yana dafa duwatsu saboda ciwon gwiwa. Da ya iso ya ce, "Me ya tsayar da ke a nan?"

Dinatu ta ƙara sunkuyar da kai. Sai Briskila ta ce, "Ni ce, Baba. Tare muka zo, ta ce ba ta wuce ni. Baba, filin nan da kake yi mana, ni kuma ta ina zan hau?"

Mutumin ya dubi tudun. Ya dubi tayoyin da suka nutse cikin yashi, da silifan da ke hannuwan yarinyar. Can ya ce, "Mu nemi inuwa."

Inuwa mafi kusa ita ce ta tsamiyar tsohuwar masussuka. Da tayoyin Briskila suka taɓa wannan ƙasa mai tauri, wadda sandunan sussuka suka daɓe shekara da shekaru, sai ta wuce su fyu, ta yi juyi, ta kori awaki, ta dawo tana dariya. Dattijon ya zauna ya ci tuwonsa da ya huce, yana kallonta. Yana kallon tsofaffi suna wucewa zuwa famfo, da mata masu goyo, da wani makaho da ya bi ta nan ba mai ja masa gora. Da ya wanke hannu sai ya aika wa matasan. "Ku tuge turakun nan, ku kawo su nan."

Aka zuba siminti a masussuka. Ranar da aka buɗe filin gari duka ya zo, har waɗanda suka daɗe ba su fita ƙofar gida ba. Briskila ce ta fara shiga, yara suka bi bayanta kamar ɗinya. Mutane suna ta cewa, "Kai, Baba akwai hangen nesa!" Shi kuwa sai ya ce, "Yunwa ce ta sauko da ni."

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Tudun shi ne aikin kirkin da muke yi domin a hango mu. Aikin kirki ne, ba shakka, amma masu ƙafa kaɗai ke kai gare shi. Masussukar ita ce wurin da marar ƙarfi yake iya isa da kansa, ba sai an ɗauke shi ba. Mai Cetonmu bai zauna a sama ya ce mu hawo ba, saukowa ya yi inda muka maƙale. Dattijon kuwa abin yabo ne, domin ya yi magana a gaban jama'a, amma bai ji kunyar tuge turakunsa ba. Mu dubi namu. Matakalar ƙofar majami'ar nan, wa ta hana shigowa? Tsohuwar da ta daina zuwa zumuntar mata, mun tambaya ko nisa ne ya yi mata yawa? Ke kuma da kike cewa ba ki da baki a taro, ba ki yi karatu mai zurfi ba, kina da ƙafafun da za su tsaya kusa da wanda aka bari a baya. Tsayuwar ma wa'azi ce.

A ranar buɗe filin, da Dinatu ta je ɗauko kwanon surukinta, sai ta tarar ya bar mata tsokar da ta fi kowace girma, ya rufe da faifai. Ta koma ɗaki da shi, ranta fari ƙal. Mijinta ya shigo yana taƙama. "Kin ga hikimar Baba ko? Da na bi taki na je na dame shi fa?"

Maganar ta zo mata har baki. Sai ta jiyo ƙarar tayoyi daga wajen famfo, da muryar Briskila tana yi wa wani yaro tsiya. Ta yanki rabin naman ta miƙa masa, ta ce, "Na gani, maigida." Ta bar sauran zancen a cikinta, ba ta kuwa gaya wa kowa ba.