Makullin Motar Ruwa

Ya 'yan uwa, ku ba ni kunnuwanku. Ban yi karatu ba, amma abin da ya faru a ƙofar gida ba sai da allo ake sanin sa ba.

An yi wani mutum a unguwar Ruwais, nan ƙasa mai tsarki, zamanin da famfo bai shigo lungunanmu ba. Direban wayit ne, motar nan mai raba ruwa gida-gida. Sallar jam'i ba ta wuce shi, bai taɓa cin amanar kafilinsa ba, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar. Aibinsa guda ne, ɗansa ba ya laifi.

Yaron shekararsa goma sha shida. In uban ya ci abincin rana barci ya fara ɗaukarsa, sai ya miƙa masa makulli ya ce, "Yalla, ƙarasa zagayen." Ba lasin, ba hankali. Ga shi duk unguwa an san yana shan kolonya, turaren nan na kwalba, su sirka da lemo shi da abokansa a bayan gareji.

Wata la'asar ya kwashe da mota teburin Barakatu, tsohuwa mai sayar da gyaɗa a bakin lungu. Ta tashi da ƙyar, ta ji warin bakinsa, ta ja shi har gaban uban.

"Ɗanka a buge yake. Karɓe makullin nan."

"Haba Hajiya, turare ya shafa."

"A maƙogwaro ake shafa turare?"

Ta yafa mayafi za ta wajen 'yan sanda, dattawa suka tare ta. Babbansu, Malam Rafi'u, ya ce, "Ki rufa mana asiri. In suka shigo, iƙama za su fara tambaya, takardar izinin zama, rabin lungun nan kuwa babu mai ita." Ta haƙura ta zauna. Aka gyara mata tebur, aka shafa fatiha, aka ce halas, magana ta ƙare. Makulli kuwa yana nan a aljihun yaro.

Ba a jima ba, ran nan mata da yara suna layin ruwa, Mastura jikar Barakatu tana riƙe da ɗan gwangwaninta, yaron ya ja motar da baya bai ko duba ba, ya bi ta kanta. Nan take Allah ya karɓi abarsa.

Uban ya rugo ba takalmi, ya fizgo ɗansa, ya haye kujerar, ya ce wa 'yan sanda shi ke tuƙi. Yaron kuwa yana tsugune yana amai, wari ya cika wurin. Barakatu ta nuna shi ta ce, "Wannan ne. Yau babu mai rufe min baki."

Alƙali ya sa aka yi wa yaro bulalar haddi, aka tsare shi, ga jini a wuyansa. Uban ya sha ɗauri saboda ba yaro mota da yi wa hukuma ƙarya. Kafili ya zare hannunsa. Da ya fito, korarsa aka yi daga ƙasar, aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Bur Sudan, ya bar ɗansa a kulle. Iƙamar da ake gudu fa? Gida-gida aka bi aka tambaye ta.

Yanzu dattawan nan su ne ke sintiri gidan Barakatu, wai ta yafe jini a sassauta wa yaro. Ta ce za ta yafe, amma sai sun tsaya a ƙofar masallaci sun faɗa da bakinsu cewa su suka hana ta magana. Har yau ba wanda ya tsaya.

Ya 'yan uwa, wa ya kashe Mastura? Mai shan kwalba, ko mai miƙa makulli, ko masu cewa a yi shiru? Son da ya hana ka tsawata wa ɗanka ba so ba ne. Rufin asirin da ke barin mota a hannun bugaggen yaro kuwa, likkafani ne, ɗan wani za a naɗe a ciki.

Allah ya ji ƙan Mastura, ya bi wa kakarta haƙƙinta. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu daga sakacinmu.